Takardar Kumasi a Turmin Goggo

Ko da tsufa zai gama kwashe abin da ke cikin kaina (ya ma fara, don yanzu sai na kira sunan jikoki uku kafin in faɗa kan wanda nake nufi), ba zan manta da ranar da na durƙusa a bayan asabarin zauren surukina a Gwandu ba. Maza uku suna zaune suna jira in miƙo wata takarda. Ni kuwa na san inda takardar nan take sarai, sai dai ba wurin da hannu ke kaiwa ba ne.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Ni 'yar Kalgo ce, aka kai ni aure Gwandu, gidan malamai. Zamanin nan Turawa ba su tafi ba tukuna. Shekararmu ɗaya da maigida sai ya bi fatake zuwa Kumasi, a ƙasar Gwanja, wadda daga baya muka ji an koma kiranta Gana. Can ya samu aikin ɗaurin goro, can ya zauna. Damina uku ina wajen iyayensa, Baba da Inna, shi yana wata ƙasa ni ina wata. Aurenmu yana nan lafiya lau, amma a bakin matafiya yake yawo. Wannan ya zo da atamfa ya ce yana gaishe ki, wancan ya tafi da busasshen kifi in ce a gaishe shi. Ba ni da wanda zan faɗa wa kewata, don a gidan ko sunansa ba a kamawa. Ɗan fari ne, saboda haka Baba da Inna “mutumin Gwanja” suke ce masa, kamar wani baƙon da ya taɓa kwana ya wuce.

Abu ɗaya nake so a duniya lokacin nan: in tafi inda yake.

Ana nan, damina ta uku ta kusa fita, sai ga Kawu Na-Jega, ƙanen Inna, tsohon falke mai safarar goro. Da aka gaisa aka kawo masa fura, ya ce a kira ɗiyar Kalgo. Na zo na durƙusa daga nesa. Ya ce mutumin Gwanja yana nan tafe bayan kaka. Zai zo da huhunan goro a mota, ya sayar a Jega, abin da ya samu da shi zai yi mana guzuri mu koma tare. (Na sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba.) Sannan Kawu ya sa hannu a zabirarsa ya zaro wani abu naɗe cikin ƙyalle, ya miƙo mini.

Ban taɓa riƙe takardar boko ba sai ran nan. Fara ce fat, mai kauri, da ƙananan baƙaƙe jere kamar tururuwa sun yi sahun salla, ga wani hatimi mai ruwan shuni a ƙasa. Na sunsuna ta, ban san dalili ba. Ta yi ƙamshin sabon akwati.

Na ce, “Kawu, wagga fa?”

Ya ce, “Inshora sunanta. Abin Nasara ne, wajen kamfanin masu mota ya yanke ta. Kin ga nan? Sunansa ne. Nan ƙasa kuma naki. In wani abu ya same shi a hanya, ko ke, ko kayanku, zuwa da komawa, wagga takarda ita ke tsaya muku.”

“Ita ke tsaya mana? Da mi za ta tsaya?”

“Haka dai anka ce.”

“To Kawu, shi yana can, ita tana nan. Yaya za ta san ya taso?”

“Ta sani.”

“In ya ratsa ƙasar Faransa fa? Can ma tana ji, ko sai ƙasar Ingilishi?”

“Har can.”

“To don mi bai riƙe ta ba, shi da zai fara shiga hanya?”

“Akawunsu ne ya ce kada takarda ta hau mota ɗaya da kaya.”

Na buɗe baki zan ce mi ya sa, sai Inna ta katse ni. “Ke ɗiyar Kalgo, bari bawan Allah ya sha furarsa mana! Tambaya kamar alƙali ya kama ɓarawon akuya.”

Kawu ya yi dariya ya goge gemu. Ya ce, “Abu uku ya ce in gaya miki. Kada ta ɓace, kada ki ba kowa, kada ta rabu da ke.” Washegari ya ɗaura kayansa ya yi Sakkwato, ya bar ni da takarda da sauran tambayoyina.

Na roƙi Inna ta kai wa Baba ya duba, tunda shi kullum cikin rubutu yake, mutane na zuwa da alluna yana rubuta musu na sha. Inna ta dawo ta ce ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce babu bisimilla a kanta, kuma daga hagu aka faro ta. Ba karatunsa ba ne. A adana.

Adanawar ita ce aiki. Na sa ta ƙarƙashin matashi, na ga kamar na bar ta a bainar jama'a. Na ɗaure ta a haɓar zane, gumi ya fara laushe ta. Na mai da ita cikin jeren tasoshina, can cikin ta ƙasa. Kwana biyar na buɗe in gaishe ta, sai na tarar gara ta cinye ƙyallen, har ta taɓa kusurwa ɗaya. Ran nan ko tuwo ban iya ci ba. Na wuni ina tunani, gefen nan da gara ta ci, nawa ne ko nasa? In nasa ne, ƙafarsa ce ko kayansa? Kuma abin da ya fi damuna bai bar ni ba: yaya za a yi abu yana cikin tasa a Gwandu ya tsare mutumin da ke Kumasi? Laya ma sai an rataya ta a jiki. Rubutu sai ya shiga ciki. Ko maganin ƙarfe, ai ba a barinsa a gida a tafi fagen fama.

Cikin wannan hali aka ce in je Kalgo in yi bankwana da dangi tun da wuri. Na hau jaki da takardata a ƙugu.

A Kalgo akwai Goggo, yayar babana. Ita ce ungozomar unguwarmu, kuma duk abin da ya gagari mace a garin wajenta ake kaiwa, daga mayankwaniyar goyo har rikicin gado. Ba ta taɓa wuce Birnin Kebbi ba, amma ban taɓa jin an yi mata tambaya ta ce ba ta sani ba. Na zaunar da ita na kwance mata komai. Ta karɓi takardar ta ɗaga ta wajen rana, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Rubutu ne ko ba rubutu ba?”

“Rubutu ne, Goggo.”

“An ce yana tsare mutum a hanya?”

“Awo.”

“Da sunanki da nasa?”

“Awo.”

“To mi ya rage? In malam ya ba mace rubutu, nata da na mijinta, mi take yi da shi?”

Na ce, “Ta sha nata, ta sa masa nasa a abinci.”

“To! Shi ya sa ya aiko miki. Namiji a bariki ina ya ga ƙwarya, ina ya ga turmi?”

“Amma Baba ya ce babu bisimilla.”

“Allurar tunjere da Nasara sunka yi wa mutanen garin ga, da bisimilla a jikinta? Ba ta yi aiki ba? Ke ki yi taki bisimillar.” Sannan ta ɗaga yatsu uku. “Kada ta ɓace. Abin da ke ciki yana ɓacewa? Kada ki ba kowa. Ana ba da aron abin da ke ciki? Kada ta rabu da ke. Yaro ya gaya miki magana a dunƙule don kunyar kawunsa, ke ce ba ki warware ba.”

Ku da kuka yi makaranta kuna iya dariya. Amma na rantse muku, tun da takardar nan ta shigo hannuna ban ji bayanin da ya zauna daram kamar na Goggo ba. Kuma ba zan ɗora mata laifi ita kaɗai ba, tana kabarinta. Ni ma ina so in ji yadda tsarin Nasara yake a jiki, ko zafi yake, ko sanyi, ko mutum yakan ji kamar an lulluɓe shi da bargo.

Muka ɗauko wuƙa muka raba ta biyu, daidai tsakanin inda yatsan Kawu ya nuna sunansa da inda ya nuna nawa. Muka sa rabina a ƙwarya muka zuba ruwa.

A nan muka fara ganin abin mamaki. Tawadar malam, da ta ji ruwa sai ta saki allo ta bi shi. Wannan kuwa, sunana ne kawai ya narke, da hatimin, ruwan ya yi shuɗi-shuɗi. Tururuwan nan ko motsi. Na murza da yatsa, suna nan. Muka jiƙa tsamiya muka zuba, suna nan. Muka sa kanwa, takardar ta yi laushi kamar dafaffen ganye, amma baƙaƙen nan suna kallonmu. Ni na fara tsorata. Goggo kuwa sai girgiza kai take cikin girmamawa.

Ta ce, “Kin ga aikin ƙwarai. Rubutun da ba ya wankuwa ai ba ya karyewa. Ɗauko turmi.”

Muka daka rabina da gero, aka dama mini fura da ruwan wankin. Na yi bisimilla na kafa kai. In kuna son sanin ɗanɗanon inshora, ku samu tsohon tsumma ku tauna da nono. Tana maƙalewa a haƙori, tana tsayawa a maƙogwaro, sai an bi ta da ruwa. Na shanye tas, na zauna a kan tabarma na miƙe ƙafa ina jiran abin da zan ji. Na jira, na jira. Gyatsa ɗaya ce ta zo.

Amma ban yarda ba sai na gwada. Da la'asar na bi matan gidanmu zuwa fadama, da gangan na bar turba na ratsa ta cikin ƙarangiya da ƙaya, ba takalmi. Na je na dawo, ko ƙwarzane. (Ban tuna ba cewa tafin ƙafata a lokacin ya fi na jaki tauri.) Na gaya wa Goggo, ta ce, “Ni kike gaya wa?”

Saura rabon maigida. Zuwansa da sauran wata biyu, fura ba ta kai nan. Abincin da ke jure jira shi ne nakiya. Muka wanke shinkafar Kalgo muka shanya, muka daka, muka soya garin, muka zuba zuma da man shanu da kimba da citta. Ta mutanen gida na cura ta daban a babbar ƙwarya. Tasa kuwa na daka ta da rabin takardar har sai da ba a bambanta gari da rubutu, na ƙara zuma don kada ya sha wahalar da na sha, na cura 'yan curi-curi na jera a wata ƙaramar tasa mai murfi. Na koma Gwandu zuciyata wasai. Gara ta zo ta duba tasoshi yanzu in ta isa.

Aka yi girbi, aka ɗaure dawa. Wata rana bayan azahar ina tankaɗe sai na ji sallama a zaure, na ji Baba ya amsa da wata murya da ban saba ji ba, sannan na ji “Inna lillahi.” Inna ta leƙa ta dawo tana tafa hannu. Mutumin Gwanja ne ya iso, amma da ƙafa daga tasha, ba kaya, riga duk taɓo, tare da wani baƙo mai gajeren wando da alƙalami a kunne, akawun masu mota. A wani mashigi bayan sun baro Kamba, ruwan ƙarshe ya cika gulbi, mota ta zame ta kwanta. Ba a rasa rai ba. Goro kuwa, duk huhunan nan, ruwa ya tafi da su.

Kun san abin da ya fara zuwa raina? Ba kuka ba. Cewa na yi, ai dole! Bai ci rabonsa ba tukuna.

Ya shigo gaida Inna. Shekara uku ban gan shi ba, ya rame, ya yi baƙi, ga shi tsaye a tsakar gida. Na durƙusa na yi masa sannu da zuwa, ya amsa yana kallon wani wuri saboda uwarsa na nan. Ya rage murya ya ce, “Takardar na nan?”

Na ce, “Tana nan.” (Allah ya sani ban yi ƙarya ba.)

Ya ce alhamdu lillahi, har kafaɗunsa suka sauka. Ni kuwa na yi wuf na shiga ɗaki na ɗauko ƙaramar tasar na danƙa masa, kafin wani abin ya sake samunsa. Na ce, “Taka ce, kai kaɗai. Ka ci yanzu.” Ya buɗe, ya ga nakiya, ya yi ɗan murmushi, ya juya ya fita da ita zaure.

Ni da na tashi a gidan mutane, na manta abin da ko yarinyar goye ta sani: namiji mai baƙo ba ya cin abu shi kaɗai.

Na laɓe bayan asabari ina ji. Aka fara miƙa wa Baba, ya yi bisimilla ya ɗauki curi ɗaya don albarka. Aka tura wa akawu. Na ji ya ce, “Kai, wannan nakiya ta ji zuma!” Na ji murfi ya sake ƙara. Na ji ya kuma ƙara. Hankalina ya tashi, amma ku ji abin da ya tayar da shi: baƙo yana cinye tsarin mijina, sunansa kuwa babu a ciki. In ya yi masa illa fa? In kuma ya kama shi, ke nan har abada duk motar da akawun nan ya hau muna da hannu a ciki?

Ina cikin wannan lissafi sai akawu ya karkaɗe hannu ya fara bayani, da Hausarsa ta mutanen zango. Ya ce shi ya ga faɗuwar mota da idonsa, zai rubuta shaida. Abin da ya kawo shi har Gwandu shi ne ya ga takardar, ya kwafi lambar da ke jikinta, ya haɗa da shaidarsa ya aika Kumasi. In lamba ta yi daidai da ta littafinsu, kamfani zai mayar wa mai goro abin da ya rasa. Ya ce dalilin da ya sa ba a haɗa takarda da kaya a mota ɗaya ke nan, don in ruwa ya ci kaya kada ya ci takarda.

Sai a lokacin na gane yadda takarda ke tsaya wa mutum. Ba gaban ƙaya take shiga ba. Gaban akawu take shiga.

 Ashe amsar tambayar da Inna ta hana ni yi ke nan. Da a ce ƙasa tana da ƙofa, da na ƙwanƙwasa.

Baba ya ɗaga murya. “A ce wa ɗiyar Kalgo ta kawo takarda.”

Na durƙusa a inda nake. Inna tana tsaye a bayana. Na ce, “Ga ni, Baba.”

“Ina take?”

“Tana nan.”

“To miƙo.”

Na kama gyara gyale. 

Maigida ya ce, “Ke, ana magana.”

Na ce, “Rabi na wajena.”

“Rabi? Ɗaya rabin fa?”

“Yana wajenku.”

“Wajenmu ina?”

“Cikin tasa.”

Na ji an ɗaga murfi, an kife tasar, an ƙwanƙwasa gindinta. Maigida ya ce, “Babu komi cikin tasa.”

Na ce, “To ai ta shiga ke nan.”

Akawu ya ce, “Malam, me take cewa ne?”  Baba ne ya fara ganewa, don shi sana'arsa ce. Na ji ya ajiye tasbaha a hankali.

Ya ce, “Ɗiyar Kalgo. Wanke ta kinka yi?”

“Ba ta wanku ba, Baba. Dakawa munka yi.”

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma bakin da ya saba tambaya bai iya shiru ba. Sai na ji kaina ina cewa, “Da ya samu ya ci tun kafin ya taso, da motar ba ta faɗa ba.”

Inna ta toshe baki da gyale ta ruga ɗaki, ina jin gadon kara yana ƙara saboda dariyar da take dannewa. Akawu ya kama tari.  Maigida kuwa ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, “Shekara uku ina ɗaure goron mutane don in ɗaure nawa.”  Ni na ƙarasa sauran a zuciyata: babu goro, babu takarda, babu guzuri. Zai koma shi kaɗai ya faro daga farko, ni kuwa in koma jiran matafiya, kuma da taɓaryata na daka tafiyar. Hawaye suka zubo mini har kan tabarmar ƙofa.

Akawu, Allah ya saka masa, ya tausaya. Ya ce, “Bari in rubuta gara ce ta ci. Gara tana cin takardu kullum, ba wanda zai yi mamaki.”

Baba ya ce, “Ba a rubuta ƙarya a zaurena. Rubuta abin da ya faru.”

“Malam, in rubuta an ci takarda?”

“An ci ko ba a ci ba?”

“An ci. To ni dai a bar sunana daga ciki.”

“Curi nawa ka ɗauka?”

Akawu ya dubi tasar. Ya ce, “Uku.”

“Rubuta uku. Ni ɗaya. Mutumin Gwanja biyu. Sauran na wajen ɗiyar Kalgo.”

A nan maigida ya kasa riƙewa. Dariya ta ƙwace masa a gaban ubansa, abin da bai taɓa yi ba, sai da ya tashi ya fita ƙofar gida ya ƙarasa ta a can. Ni ina kuka, shi yana dariya, akawu yana rubutu yana tsaki.

Da akawu ya gama ya ce akwai sauran hanya ɗaya, amma ba ta da tabbas. Babban littafinsu na Kumasi yana da kwafin komai. Sai dai in takarda ta salwanta, ba sa karɓar wasiƙa kaɗai. Dole duk wanda sunansa ke ciki ya je da ƙafarsa ya ɗora yatsa a gabansu, miji da mata.

Baba ya ce, “Ke nan ba shi da hanya sai da ita.”

“Sai da ita, Malam.”

Baba ya ɗauki tasbaharsa. Sannan ya ce, “To, tunda ita ce ma'ajin, a kai ma'ajin.”

Ran kasuwa Baba ya sa aka sayar da bijimin da yake kiwo tun bara don guzurinmu, bai sake ɗaga zancen ba har ya bar duniya, kuma wannan ya fi komai nauyi a wuyana. Babana da labari ya kai masa Kalgo, an ce ya riƙe kai ya ce, “Ita da wa?” Aka ce da Goggo. Ya ce shi ke nan, ya buɗe rumbun shinkafa ya ƙara mana guzuri. Haka muka tashi, ba sabon zane, ba akwatin amarya, a bisa buhunan albasa a bayan mota. Da muka tsaya Kalgo shan ruwa, rabin unguwa sun fito kallon wadda ta ci takarda. Na ja gyale na rufe fuska. Goggo kuwa ta ratso taro da sandarta, ko gezau, ta kama hannuna ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

“Ba ga shi za ki ba? Su ce ba ta aiki!”

A Kumasi wasiƙar akawu ta riga mu isa. Ranar da muka je ɗora yatsa, duk ma'aikatan wurin sai da suka bar kujerunsu suka fito, har mai shara. Wani dattijo mai gilashi ya sa tafinta ya tambaye ni wai yaya ɗanɗanonta. Na ga tambaya ce ta gaskiya, irin wadda ni ma zan yi, saboda haka na ba shi amsa ta gaskiya: a fura ba ta da daɗi, amma in za a sa a nakiya a ƙara zuma. Suka rubuta wani abu, ban san ko shi suka rubuta ba. Bayan watanni suka biya maigida, ba duka ba, amma ya isa ya sake kama sana'a. Suka kuma yanka mana sabuwar takarda. Dattijon ya miƙo ta, na sa hannu biyu don ladabi, sai ya ɗaga ta sama ta bisa kaina ya ba maigida.

Mun yi shekaru masu yawa tare bayan nan, a can da kuma nan gida. Mabuɗin rumbu a hannuna yake, na ɗakin ajiya ma haka. Amma akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da yake zuba takardu, har ya koma ga Allah ban san inda yake ɓoye mabuɗinsa ba. In baƙo ya zo da wasiƙa ina kusa, sai ya ce, “Karanta da sauri, uwargida ba ta karya ba.”

An ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma sai in ya tambayi wanda ya taɓa bin hanyar. Ni na yi tambaya har aka gaji da ni, sai na kai ta ƙarshe wajen wadda ba ta taɓa cewa ban sani ba. Yanzu duk takardar da aka ba ni, ta asibiti ce ko ta zaɓe, nakan riƙe ta nesa da baki in ce a kira mini mai karatu. In ya karanta ya ce bai gane ba, to shi nake yarda da shi.